An Aike Ni Ireland Binciken Asali

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Gwaram, a ƙofar masallaci, har wani tsohon abokin aikina ya taso daga Fagam a kan babur don kawai ya ji. Kowa tambayarsa ɗaya: yaya ƙasar take? Ni kuwa duk sanda na fara ba da labarin sai in ga na kamo shi ta tsakiya, masu saurare su rikice, ni ma in rikice. Shi ya sa na ce bari in zauna in jero shi tun daga farko, ko ni kaina na gane abin da na gani.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Yayana Alhaji Garba, mai sayen riɗi a Birnin Kudu, shi ya aike ni. Ɗansa na fari, Nafi'u, nas ne. Ya yi aiki a asibiti a nan gida kafin ya samu aiki a Ireland. Ana nan sai ya aiko cewa ya samu matar aure a can, ya rubuto sunanta ta waya: Niamh. Yaran gida suka karanta, suka ce Ni'ima. Mata har da guɗa, ana cewa ashe ma Musulma ce. Sai daga baya aka ji Baturiya ce, Kirista, nas kamarsa.

Yaya ya kira ni zaurensa. Ba ya faɗin sunan Nafi'u, saboda ɗan fari ne.

"Sabo, yaron nan ya zo da magana. Liman ya ce addini bai hana ba. To amma ni ban san mutanen ba. Da 'yar Kangire ce nan kusa da mu, mutum ɗaya zan tura ranar kasuwa a gama komai. Kai ne ka yi boko, kai ne malamin gona. Je ka gano mini: ubanta wane ne, uwarta wace ce, kakanni me suka yi, akwai abin kunya a gidan ko babu."

Na ce, "Yaya, in na ga abin da bai yi ba fa?"

Ya ce, "Sai ya zaɓa, ko ni ko ita."

Na san Yaya ba ya maganar wasa. Na kuma san Nafi'u ya riga ya gaya mini ta waya cewa ba zai bar ta ba. Da zan fito, uwar yaron, Hajiya Rabi, ta tare ni a soro da ƙullin kuka da daddawa da yaji da kilishi. Ba ta ce mini komai ba sai, "Malam, ka dubi Allah ka dubi yaron nan." Idanunta jawur.

Maganar biza ta ci watanni, ba zan gajiyar da ku da ita ba. Daga Birnin Kudu na hau mota zuwa Kano, daga Kano Abuja, daga nan jirgi. Mun sauka a wata ƙasa don canjin jirgi, na bi wasu masu manyan riguna ina zaton tafiyarmu ɗaya, ashe Umra za su. Wata 'yar Ghana mai shara a filin ce ta duba tikitina, ta kama hannun rigata ta juya ni.

A Dublin jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na gaya masa gaskiya da Turancina na tsohon ma'aikaci: na zo bincike a kan wani gida. Sai na ga ya ajiye biro.

"Kai ɗan sanda ne?"

Na ce a'a, baffan ango ne. Na yi masa bayanin al'adarmu. Ya kira wata abokiyar aikinsa, ya sa na maimaita, suka yi ta dariya. Matar ta ce da an yi mata wannan binciken da ba ta auri mijinta na farko ba. Suka buga mini hatimi. A gaba kuma wani kare ya zo ya zauna a jikin jakata. Kilishin Hajiya Rabi a nan ya ƙare, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuwa suka buɗe, suka shinshina, suka rufe da sauri suka miƙo mini.

Nafi'u ya zo tarbata tare da yarinyar. Doguwa ce, jar gashi, fuskarta duk ɗige-ɗige. A tsakiyar jama'a ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Baffa." Mutane suka tsaya suna kallo, wata tsohuwa ta matso tana tambaya ko faɗuwa ta yi. Na ce, "Tashi, Ni'ima." A mota Nafi'u ya ce, "Baffa, Niib ake faɗin sunan." Na ce ina aka samo wannan a cikin waɗancan haruffa? Ya ce yarensu ne na asali, haka rubutunsa yake. Ita ta ce in bar shi a Ni'ima, ya fi mata daɗi. Wannan ne ruɗanina na farko, kuma shi ne mafi sauƙi.

Na ɗan huta a ɗakin Nafi'u, sannan suka kai ni gidan iyayenta a karkara, can wajen arewa, suka koma bakin aiki suka bar ni. Ni na nemi haka. Ba a bincike ango yana zaune.

Uban sunansa Shemas, makiyayi ne mai shanun nono, gajere mai faɗin ƙirji. Turancinsa kuwa, wallahi da farko na ɗauka yarensu yake yi. Yana magana kamar mai tauna gyaɗa, in ce "na'am?" ya maimaita da ƙarfi amma da sauri iri ɗaya. Uwar sunanta Ruth, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ta cire duk wani abu na alade da giya daga gidan kafin in zo, ta mayar da karensu rumfar shanu, ta sa Nafi'u ya nuna mata alƙibla ta manna 'yar takarda a bango. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta son faɗuwa. In ci abincin dare in zauna jiran magariba har barci ya fara ɗibana, gari na nan tar.

Abinci dankali ne. Dankalin Turawan nan da muke ce wa arish, ashe gidansu na zo. A faranti ɗaya za ka ga dafaffe, ga kirɓaɓɓe, ga gasasshe, kuma kowanne ana lissafa shi abinci dabam. Shayi kuma ba ya yankewa. A nan na ga abin da ya yi kama da namu: in an yi maka tayi sai ka ce ka ƙoshi, a sake, ka sake ƙi, a na uku ka karɓa. Ranar farko da na karɓa tun tayin farko sai na ga Ruth ta ɗan yi turus, kamar na ƙwace mata wani abu.

Washegari da yamma na dawo daga zaga gona, ina cire takalmi a bakin ƙofa, sai na ji ihu a kicin. Muryar Ruth ce. Na leƙa. Tana tsaye, fuska ta yi ja, tana nuna wata budurwa da yatsa tana cewa, "Fita! In kin bi shi, ba ni ba ke. Ko kan gawata kada ki zo!" Ta ɗauki faranti ta buga da ƙasa. Budurwar tana kuka. Wani ƙato da ban sani ba ya riƙe Ruth ta kafaɗa, ta ture shi. Shemas kuwa yana zaune a gefe yana shan shayi, ko gezau.

Na ja da baya a hankali, na koma wajen shanu. Na ce shi ke nan, ga abin da Yaya ya aiko ni nema. Har na ciro waya, sai na ce bari dai in ƙara gani. Can Shemas ya leƙo ya kira ni shan shayi. Na shiga na tarar da Ruth da budurwar suna cin biskit suna dariya, ƙaton yana tsince farantin, ashe na roba ne. Wasan kwaikwayo suke gwadawa. Ƙauyen yana da ƙungiyar wasa, kowace shekara suna yi a zauren taro: budurwar mai sayar da magani ce, ƙaton shi ke raba wasiƙu. Na san wasan kwaikwayo mana, mun yi na faɗakarwa kan takin zamani. Amma mu yara muke sa wa. Ban taɓa ganin dattijuwa mai jikoki tana tsine wa 'yar mutane a kicin ɗinta da sunan nishaɗi ba.

A wajenmu ba ka tambayar mutum asalinsa a gabansa. Maƙwabta ake bi. Na gwada. Maƙwabcinsu na farko na tambaye shi halin Shemas, ya ce, "Wannan? Tsohon ɓarawo ne, shanunsa ma duk ƙashi." Yana faɗa yana dariya. Da yamma sai ga shi a gidan, ya maimaita a gaban Shemas, shi kuma ya rama da wadda ta fi ta. Ruth ta ce tun suna yara aminai ne, nan ƙasar in mutum yana yabonka a fili to ku ba ku saba ba. Na ce to kamar wasan Fulani da Barebari ke nan. Amma ta yaya mai bincike zai bambance?

Da na ga ba ci gaba, sai na fito wa Shemas a mutum. Na ce yayana yana son ya san su wane ne ku. Na zaci zai ji haushi. Sai na ga ya yi murna kamar na ba shi kyauta. Ya ja ni wani ɗaki cike da littattafai har rufi, ya zaro biyu ya ɗora mini a hannu.

Na farko ƙato ne, tarihin yankinsu. Na kwana biyu ina fama da shi. A nan na gane abin da ban taɓa sani ba duk karatuna: Turawan Ingila da suka mallake mu, su ma sun mallake su, har sun fi daɗewa a kansu. An ƙwace musu gonaki, sun koma 'yan haya a ƙasar kakanninsu. Wata cuta ta kama dankali, yunwa ta kashe mutane ba iyaka, saura suka shiga jiragen ruwa suka watse duniya. Ni da na yi shekaru ina koya wa manoma maganin cutar shuka, sai da na sake karanta wannan babi daga farko. Ban taɓa kawowa a raina Bature ya taɓa mutuwa da yunwa ba. Amma da na wuce nan sai lissafi ya kwance mini. Ƙungiyoyi masu suna kusan iri ɗaya, yau suna tare gobe suna harbin juna. An yi yaƙi don a kori Ingila, an gama an sake yin wani tsakanin waɗanda suka kore ta. Na tambayi Shemas su wa ke da gaskiya. Ya ce ya danganta da gidan da ka yi tambayar.

Ya buɗe wani shafi ya nuna mini wani suna da yatsa, ƙirji a buɗe. "Kakan kakana. Rataye shi aka yi."

Na ce, "Innalillahi. Me ya yi?"

"Ya ƙona gidan mai karɓar haya."

 Ina tunanin yadda zan faɗi wannan a zauren Yaya.

Littafi na biyu ɗan ƙarami ne, labarin ban dariya na zamanin yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu suka je Bama. Ƙasar Shemas ba ta shiga yaƙin ba, ba su ma kira shi yaƙi ba, wai zaman ta-ɓaci. Amma gefen arewa da ke hannun Ingila ya shiga. Sai ganyen shayi ya yi wuya a nan, man shanu ya yi wuya a can. Labarin wani mutum ne da ya koya wa jakinsa tsallaka iyaka shi kaɗai da kaya. Aka kama jakin, aka tsare shi, ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Sai 'yan sanda suka yi dabara, suka sake shi suna binsa a baya don ya kai su gidan mai shi. Jaki ya tafi tiryan-tiryan ya tsaya a ƙofar gidan shugaban 'yan sandan, domin nan yake fara sauke shayi kullum. Wannan kam na yi dariya. Sauran barkwancin littafin ban kama ba. Shemas yana karanta mini yana hawaye don dariya, ni ina murmushin kara.

Da ya gama ya ce, "Wani ɗan garin nan ne ya rubuta. Mai jakin nan babana ne. Daga baya sun kama shi, ya yi zaman gidan yari."

Na ce, "Kuma mutane sun sani?"

"Kowa yana da littafin!"

A wajenmu wanda aka taɓa kamawa da shinkafar fasa-ƙwauri a iyakar Maigatari, jikokinsa ba sa son a tuna. Ga mutum yana nuna mini ratayayye da ɗan fasa-ƙwauri kamar yana nuna takardar sarauta.

Wata safiya ya ce in shiga mota ya nuna mini hanyar da jakin yake bi. Muna tafe a kan ɗan siririn titi, duk motar da muka haɗu da ita ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwar ke nan. Na ce in mun kusa iyaka ya gaya mini, domin Nafi'u ya ja mini kunne cewa bizata ba ta kai gefen Ingila ba.

Ya ce, "Iyaka? Ai mun tsallaka sau biyu. Yanzu ma muna ciki."

Na riƙe ƙofar mota. Ba shinge, ba soja, ba ko igiya da tsumma. Shanu iri ɗaya, ciyawa iri ɗaya. Ya ce in duba allon gefen hanya, ya koma mil maimakon kilomita, shi ke nan alamar. Na ce ya juya don Allah. Ya ce in ya juya ma sai mun sake shiga kafin mu fita, gara mu ci gaba. Na zame a kujera na cire hulata, kamar hular ce za ta tona ni. Shi kuwa har da tsayawa a wani shago sayen burodi, ya dawo yana mita wai ya manta kuɗin nan gefen dabam ne. Ina tunani: na zo binciken gidan 'yan fasa-ƙwauri, ga shi an yi fasa-ƙwaurina.

A hanyar dawowa ya rage gudu a gaban wani gida fari mai shingen itace. Dariyarsa ta ɗauke.

"Nan aka haifi Ruth," in ji shi. "Ban taɓa shiga ba."



Ranar wasan Nafi'u da Ni'ima suka zo. Zauren ya cika, tsofaffi da yara, ana sayar da shayi a baya. Ruth ta ba ni littafin wasan tun da rana don in bi, duk maganganunta ta ja musu layi. Labarin wata uwa ce da 'yarta ta so wani daga ɗaya ɓangaren Kiristanci. A nan ma na sha wahala: duk Kiristoci, duk farare, harshe ɗaya, amma ko maƙabarta ba sa haɗawa. Na tuna namu rigingimun na masallatai, na ja bakina na yi shiru. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne 'yan kallo. Inda na ga abin tausayi sai su fashe da dariya. Ni kuma na yi dariya a wani wuri, na ji ni kaɗai ne. Amma da aka zo inda Ruth ta kori yarinyar, wurin nan da na leƙa a kicin, zauren ya yi tsit. Wani tsoho kusa da ni yana share ido da hularsa. Shemas ya sunkuyar da kai har aka rufe labule.

Da safe na same ta ita kaɗai tana wanke kofuna. Na ce ta iya wasa ƙwarai, har ta tsorata ni ranar farko.

Ta ce, "Wannan wurin ban sha wahalar haddacewa ba. Abin da babana ya faɗa mini ke nan, kusan kalma da kalma."

Ta goge hannu ta zauna. Ita daga wancan ɓangaren take, Shemas daga wannan, kuma lokacin ana kashe-kashe. Ubanta ya ce ta zaɓa. Ta zaɓa. Ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, tsakanin gidansa da nata tafiyar da ba ta kai daga Gwaram zuwa Fagam ba, bai taɓa ganin jikokinsa ba. Ran da ya mutu ta je, ta tsaya a bayan shinge har aka gama binne shi.

"Ba mugu ba ne," in ji ta. "Ya faɗi magana ne a gaban mutane, ya rasa yadda zai janye."

Sai ta dube ni. "Nafi'u ya ce yayanka ma ya faɗi irinta."

Na ce e, amma ni kaɗai ya gaya wa, ni ne na tsegunta wa Nafi'u.

Ta ce, "To da sauran dama. Ni ma ina da tambaya, tunda kai ka yi taka. In 'yata ta je garinku, ba ta jin harshe, ba ta san kowa ba. In sun saɓa da mijinta, gidan wa za ta je? Wa zai tsaya mata?"

Ban shirya wa wannan ba. Ni aka aiko in yi tambaya. Na buɗe baki in ce Allah zai kiyaye, sai na ji kaina ina cewa, "Gidana. Ni ne ubanta a can." Ta miƙo hannu, ta tuna, ta janye, ta ɗora a ƙirjinta yadda ta ga ina yi.

Da zan taho Shemas ya sa mini littattafan biyu a jaka, Ruth ta ƙara da na wasan. A jirgi na yi ta tsara abin da zan faɗa, ban tsara ba har muka sauka.

Ban wuce Gwaram ba sai da na tsaya Birnin Kudu. Yaya ya sallami mutanen zaure. Na ga inuwar Hajiya Rabi a bayan labulen soro.

"To, Sabo. Asalinsu?"

Na ce, "Manoma ne, makiyaya. An rataye kakan kakansu."

Ya ajiye carbi.

"Amma Turawan mulki ne suka rataye shi," na yi sauri na ƙara. "Kakan yarinyar kuma ya yi gidan yari, saboda jaki. Uwar tana wasan kwaikwayo."

"'Yar fim ce?"

"A'a, malamar makaranta ce. A kicin take yi."

Na ga ina ƙara ɓata lamarin. Na zaro littattafan na ajiye a gabansa kamar shaidu, ya juya su, ba ya karanta boko, ya ture.

"Sabo, kuɗin jirgi na biya don ka gaya mini abu ɗaya. Mutanen kirki ne ko ba na kirki ba?"

Na ce, "Yaya, gaskiya ban gama gane su ba. Abin da muke ɓoyewa su shi suke nunawa, inda muke kuka su dariya suke yi. Amma ba su ɓoye mini komai ba, kuma sun girmama sallata fiye da wasu Musulmin." Daga nan na ba shi labarin Ruth da ubanta, da farin gidan nan, da tsayuwarta a bayan shinge. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Ƙani ba ya yi wa wa nasiha. Na kuma gaya masa alkawarin da na ɗauka.

 Can ya ce, "Na aike ka ka gano mini su, ka dawo kana nasu. Tashi ka tafi gida, iyalinka na jira."

Na tafi ban san matsayinsa ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Nafi'u yana kira, in ce ya yi haƙuri. Matata kuma da ta ji alkawarin ta ce, "Wato ka je ka ɗauko mana 'yar da za mu yi wa kayan ɗaki, ba ka ko shawarce ni ba?" Amma na ga ta fara tambayar ko Baturiya tana iya cin tuwon dawa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar yara suka shigo da gudu, wai ga motar Alhaji. Na fita na tarar da Yaya da limamin unguwarsu da wasu dattawa biyu, an sauke ƙwaryar goro da alawa. Na shimfiɗa masa darduma a inda ya saba zama, ya ƙi, ya zauna a tabarmar baƙi. Na rasa inda zan sa kaina. Na sa ɗana ya kira Nafi'u ta bidiyo, aka haɗa da Shemas da Ruth a kicin ɗinsu, aka jingina wayar a jikin buta.

Liman ya yi addu'a. Yaya ya gyara murya, bai kira ni Sabo ba.

"Malam, mun ji kana da 'ya. Mun zo nema wa yaronmu."

Mutumin da ya goye ni, ya kai ni makaranta, yau yana zaune ƙasa da ni yana roƙo. Na san abin da uban yarinya yake faɗa, na sha jin sa. Daga cikin waya muryar Shemas ta fito da ƙarfi yana tambayar me ake cewa, Ruth tana ce masa ya yi shiru. Dattawan suka yi dariya. Yaya bai yi ba, ni yake kallo.

Na ce, "Alhaji, 'yar tawa ba ta san kowa ba a nan. Amana ce aka ba ni."

Ya ce, "Mun ji. Mun karɓa da amanar."

Na juya wajen wayar na fassara musu. Ruth ta rufe baki da hannu biyu, ta gyaɗa kai.

Na ce, "To, mun ba ku."